Ana Ruwa a Gona

Na ga abubuwa da dama a yawon duniya, yawancinsu kuma sun bi iska, amma akwai wata jarrabawa guda da na tabbata har ranar da za a kai ni makwanci tana nan zaune daram a kaina. A yau idan aka ce jarrabawa, jikokina suna nufin aji mai rufin kwano, da tebur mai lamba, da sakamakon da ake jira a salula. A zamanin da nake magana, a ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, jarrabawar yaƙi da jahilci a fili ake yin ta, ƙarƙashin rumfar kara, duk gari na kallo har da awaki. Wanda ya faɗi ba sai an kai wa danginsa labari ba, suna tsaye a wurin. Ba zan kama sunan kowa ba a labarin nan sai inda babu yadda zan yi, musamman mutum ɗaya da sunan nasa shi ne labarin.

Ni ɗan Tasawa ne, amma tun ina saurayi ƙafata ta ƙi zama. Na yi dako a Kumasi, na yi awon kaya a bakin teku a Abijan, na zauna Kano, na bi manyan motoci har Agadas da gaba. A hanya na tsinci Faransanci da Turancin Gana da Zabarmanci, da Fillancin da ya isa in sayi nono ba a yi mini dariya ba. Ko'ina na je na ga yadda ake gwada mai koyo. A Kumasi direba ake sawa ya ja mota da baya tsakanin ganguna biyu. A lakwal, wato makarantar Nasara, yaro ake sawa ya rera sunayen kogunan wata ƙasa da ko kakansa bai taɓa mafarkinta ba. Na ɗauka na gama ganin iri-irin gwaji, ashe wanda ya fi duka yana jira na a bayan gidanmu.

Da na dawo gida sojoji ne ke mulki. Saboda ina karanta boko da Hausa da Faransanci, aka ɗauke ni aikin duba makarantun manya. Aka ba ni moto, wato babur, da ɗan esansi, man da ba ya ganin ƙarshen wata, mutanen ƙauye kuwa suka sa mini Mai-moto. Aikina shi ne in riƙa zagayawa ana cikin karatu in gwada masu koyo, in ga inda suka kai, sannan idan rani ya zo ƙarshe in yi musu babbar jarrabawa da takardar da ake aikowa daga sama a cikin ambulan manne. Doka kuwa a fili take: garin da bai ci ba, a cire allon a kai wani gari. Allo a lokacin ba shi da yawa, garuruwan da ke jira suna da yawa.

A cikin garuruwana akwai wani ƙauye a gefen Bawdeta. Damina ta yi ta ƙin zuwa yadda ya kamata, rumbuna suka zama ɗakin kwanan kaji. Samari sun tafi cin rani, wasu har sun manta hanyar dawowa. Makiyaya daga wajen Isawan suna ta wucewa kudu da shanun da sai ka ji kunyar kallonsu. Mazan da suka rage a garin suka ce su sun fi ƙarfin zama a tabarma gaban allo kamar yara, saboda haka ajin ya zama na mata zalla. Wasu na son su iya karanta takardar likita, wasu na son su gane abin da ke rubuce a jikin buhunan taimako. Wata kuma ta gaya mini gaskiyarta, ta ce nan ne kawai wurin da mace ke zama da rana babu taɓarya a hannunta kuma ba a ce mata raguwa ba.

Mai koyar da su wani manomi ne Kirista, ɗan garin, wanda ya koyi boko a ƴar majami'arsu. Ranar Lahadi shi ke ja musu waƙa, sauran ranaku yana gona kamar kowa. Da aka ba shi alli sai aka fara ce masa mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ya kuma karɓi sunan hannu biyu. Mazan garin Musulmi ne yawancinsu, amma sun yarda da shi don tare suka tashi, kuma matarsa ma tana zaune a cikin ajin. Sai dai sun kafa sharaɗi ɗaya. Sun ji labarin cewa boko na cire wa mace kunya, har ta kai tana kallon mijinta cikin ido tana kiransa da sunansa kamar a bariki. Suka ce ranar da suka ga alamar haka, kowa zai janye iyalinsa, mushe ya koyar da awaki.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan sharaɗi shi ne Anaruwa. An haife shi ne ana tsuga ruwa a wata damina mai albarka, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. A shekarun fari kuwa sunan ya zame masa kaya, don duk inda ya gifta sai wani ya tambaye shi ina ruwan, wasu har suna ba shi shawarar ya koma Anarana a huta. Mutum ne mai jar hula da faɗin murya, gwanin shari'a a gindin bishiya, amma tsakaninsa da hauya sai gaisuwa daga nesa. Duk garin an san gonarsa matarsa ce ke riƙe da ita. Ita kuwa matar, ikon Allah, ita ce ta fi kowa a ajin. Mace ce mai shiru-shiru, ba ta da yawan dariya, amma duk abin da aka rubuta a allo da safe, da yamma za ka gan shi a ƙasa kusa da turminta, ta zana da yatsa.

Tun zuwana na farko na gane irin ajin da nake gwadawa. Na rubuta kalmomi a allo na ce su karanta ɗaya bayan ɗaya. Wata ta karanta kalmomi masu wuya ba gargada, da ta zo kan «dogo» sai ta sunkuyar da kai ta ce «mai tsawo». Wata ta zo kan «Laraba» ta ce «ranar da ke bin Talata». A wajen lissafi na tambayi wata hamsin da hamsin nawa ke nan, ta yi ɗan murmushi ta ce hamsin biyu. Na dubi mushe, ya raɗa mini cewa surukin waccan Dogo ne, uwar mijin waccan Laraba ce, mijin wannan kuma Ɗari, don da sanyi aka haife shi. Na ce ai ɗarin sanyi da ɗarin ƙirga ba ɗaya ba ne a baki. Ya ce a allo dai ɗaya ne, in ina da ƙarfin hali in je in yi mata bayani.

Ban yi mamaki ba, don ni ma ɗan fari ne, uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba, balle na ubana. Muka daidaita da mushe cewa duk wadda ta kauce wa kalma ta kawo madadinta daidai, ta ci, don ba ka kauce wa ramin da ba ka gani ba. Shi mushe ya san haramtattun kalmomin kowace mace a ajin kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Idan zai gwada su sai ya bi ta gefe. Haka muka yi ta yi duk ranin nan, mata suna ci gaba, maza suna leƙowa ta jikin kara suna jiran ranar da wata za ta yi suɓul da baka. Ba wadda ta yi.

Ranar babbar jarrabawa na iso da hantsi, ambulan a aljihu. Zafin bazara ya riga ya fara gasa ƙasa, sama kuwa fes kamar an wanke kwano. Mata sun yi kwalliya sun jeru a tabarmi, maza sun yi cincirindo a wajen rumfa, Anaruwa a gaba da jar hularsa. Ina shirin farawa sai muka ji ƙugin mota. Wani hafsan soja ne da ke rangadi a yankin, ya ji labarin ana jarrabawa ya ce sai ya gani da idonsa. A wancan lokaci duk mai kaki da tauraro a kafaɗa kumandan ne a bakin mutanen ƙauye. Matashi ne, tsaf-tsaf, da baƙin tabarau, da sojoji biyu a bayansa. Daga yammacin ƙasar ya fito, yankin Zabarmawa, Hausarsa ta bariki ce, tana kai shi inda yake so amma ba ta san lunguna ba. Aka kawo masa kujerar maigari, ya zauna, ya cire hularsa ta soja ya ajiye a kan tebur saboda zafi, ya ce in ci gaba kamar ba ya nan. Duk wanda ya rayu a wancan zamani ya san babu yadda za a yi ka ci gaba kamar soja ba ya nan.

Na yage ambulan a gabansa, na ɗauki alli na fara kwafe abin karantawa a allo. Hannuna na rubutu, idona na bin takarda, sai da na gama layin farko na gane abin da na rubuta. Ga abin da wani bawan Allah ya zauna a ofis ƙarƙashin fanka ya tsara mana:

«Ana ruwa a gona. Manoma suna murna. Gero ya yi kyau.»

Na waiwaya na dubi mushe. Ya riga ya dafe kai da hannu biyu. Matar Anaruwa kuwa tana kallon allon kamar an ajiye mata maciji a tabarma.

Kumandan ya ce shi zai zaɓi mai karantawa, don kada mu tura masa wadda muka shirya. Ya nuna wata tsohuwa da ke can gefe, gwauruwa ce, mai bakin da duk garin ke tsoro. Ta miƙe da ƙyar, ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo, ta bi haruffan da yatsa ta karanta layin farko daidai, ba kuskure ko ɗaya. Daga nan ta leƙa kai waje, ta dubi sama gabas da yamma, ta dawo ta ce:

«Ƙarya ce dai, ɗana, amma haka aka rubuta.»

Wani a cikin maza ya yi tari don ya haɗiye dariya. Kumandan ya cire tabarau a hankali. A zamanin nan maganar ruwa da hatsi ba maganar wasa ba ce, don kowa ya san yunwa ce ta kayar da waɗanda suka riga su a kan mulki, kuma sojojin sun fi kowa sanin haka. Ya tambaye ni da Faransanci ko a ajin nan karatu ake koyarwa ko siyasa. Na rantse masa tsufa ne kawai. Ya ce to, a bar tsofaffi, a fito masa da wadda ta fi kowa, a kanta zai yanke hukuncin ajin duka.

Mushe ya yi wuf ya nuna matarsa, amma aikin gama ya gama, don duk matan sun riga sun juya suna kallon matar Anaruwa. Kumandan ya bi idonsu ya ce ita yake so. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta tsaya gaban allo. Ni na san abin da ke gabanta, mushe ya sani, kowace mace a rumfar ta sani. Idan ta buɗe baki ta karanta, ta kira sunan mijinta a gaban gari, a gaban surukanta, a gaban baƙi, gobe ba mace ko ɗaya a ajin. Idan ta yi shiru, allo ya hau mota. Mazan da ke waje ba su san me ke rubuce ba sai abin da suka ji daga bakin tsohuwa, amma wannan ya ishe su. Anaruwa ya harɗe hannu a ƙirji ya ɗaga haɓa, yana jira.

Muna jin wata akuya tana tauna karan rumfa. Kumandan ya fara buga yatsa a tebur. Sai ta ja numfashi, ta kafa ido a allo, ta karanta da murya a sarari:

«Maigidanmu a gona. Manoma suna murna. Gero ya yi kyau.»

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mata suka kife a tabarmi, maza suka riƙe ciki, maigari ya rufe baki da hannun riga. Ana cikin haka tsohuwar nan ta ɗaga murya ta ce wannan ƙaryar ta fi ta farko girma, don ita tun da take ba ta taɓa ganinsa a gona ba. Anaruwa ya rasa ko ya yi alfahari da kunyar matarsa ko ya yi faɗa a kan mutuncinsa, sai ya tsaya yana gyara hula yana harara hagu da dama.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. A kunnen kumandan abin da ya faru shi ne: an ba mace takardar gwamnati, ta ƙi karanta maganar ruwa, ta sa wata magana daban, gari kuma ya fashe da dariya a gaban kaki. Ya miƙe tsaye, dariyar ta ɗauke kamar an hure fitila. Ya ba da oda a cire allon a sa a mota, mushe kuma ya shirya, zai bi su ya yi bayani a gaba. Sojojin biyu suka kama allon suka ɗaga shi daga kan sandunansa. Na ga leɓen mushe yana motsi, ina jin duk waƙoƙin Lahadi ne yake bi ɗaya bayan ɗaya.

Na matsa kusa na fara yi wa kumandan bayani da Faransanci. Na ce al'ada ce, na ce sunan mijinta ne, na jero duk manyan kalmomin da na kwaso a Abijan. Ya ce shi bai ga suna a allo ba, ruwa ya gani, kuma takarda ta ce karatu da babbar murya, ba ta ce a yi wasan ɓuya ba. Faransanci harshen oda ne, a cikinsa babu inda zan kama shi. Sai na yi kasada na sauke murya na koma Zabarmanci. Na tambaye shi, da girman Allah, a gida da wane suna mahaifiyarsa ke kiran mahaifinsa.

Ya dube ni kamar zai sa a ɗaure ni tare da mushe. Can sai ya amsa da harshen gida, a hankali, cewa bai taɓa jin ta kira shi da komai ba, sai dai ta ce mai gidan nan. Na nuna masa mai jar hula da ido na gaya masa sunansa. Ya dubi allon da ke hannun sojoji, ya dubi Anaruwa, na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya danne. Soja ba ya janye oda don an tuna masa da uwarsa. Ya ce ya ji, amma wa ya tabbatar masa ba haddacewa ta yi daga bakin tsohuwa ba?

«Mu a soja ba ma cewa kurtu ya maimaita oda,» in ji shi. «Ba shi muke yi, mu tsaya mu ga ko ya aikata.»

Ya ce sojojin su tsaya nan riƙe da allon. Ya raɗa mini wata magana a kunne da Faransanci, ya ce in rubuta ta da Hausa a ƙasan layukan, kada in buɗe baki, kada in dubi kowa. Haka na tsaya ina rubutu a allon da sojoji biyu ke riƙe da shi kamar masu ɗaukar gara. Abin da na rubuta shi ne: «Ɗauki hular da ke kan tebur, ki kai wa mai sunan da ke sama.»

Tun ban ajiye alli ba na ji wata ƙaramar dariya ta kufce daga cikin mata. Sai wata, sai wata. Masu sauri suka riga, masu bi da yatsa suka iso daga baya, har tsohuwa ta ƙarasa ta ce «Kai!» tana tafa hannu. A wajen rumfa kuwa maza suna tsaye tsit, suna kallon allo suna kallon matansu, ba su san me ake ciki ba. Kumandan ya dubi wannan gefe ya dubi wancan. Ina ganin tun a nan ya gama jarrabawarsa.

Matar Anaruwa ba ta yi dariya ba. Ta taka zuwa tebur, ta rusuna, ta ɗauki hular soja da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwaryar nono cike, ta ratsa tabarmi ta fita waje. Maza suka dare. Ta durƙusa gaban mijinta, kai a ƙasa, ta miƙa masa. Shi kuwa ya karɓa ne kafin ya gane abin da ya karɓa. Da ya ga abin da ke hannunsa sai jikinsa ya ɗauki rawa.

«Ke, wa ya ce ki taɓa kayan gwamnati?»

«Allo ya hwaɗa,» in ji ta.

Anaruwa ya juya wajen kumandan riƙe da hular nesa da jikinsa, kamar garwashi. Ya ɗauka an ɗauke shi soja ne. Ya fara rantsuwa cewa shi ƙafarsa ba lafiya, kuma ga tsufa, ga iyali, ga gona tana jiransa. Da ya ambaci gona sai kumandan ya kasa riƙewa. Ya yi dariya har ya koma ya zauna, sojojinsa suka samu izini su ma suka yi, allon yana rawa a hannunsu. Ya ce su mayar da shi inda suka ciro shi.

Ya zauna har aka gama dikte, wato shifta, da lissafi. Da aka zo kan mai hamsin biyu bai tambayi kowa ba, ya dubi maza ya ce wane ne Ɗari a cikinsu, wani siriri ya ɗaga hannu a tsorace. Da zai tafi ya karɓi hularsa, ya gaya wa mushe ya ci gaba da aikinsa, sannan ya ja kunnen tsohuwa cewa ta riƙa karanta abin da aka rubuta ta bar sharhi. Ta ce to, ranka ya daɗe. Sai da motar ta ɓace a bayan tudu sannan ta ce su ma su riƙa rubuta abin da ake ciki mana. Jarumtar zamanin soja ke nan, tana jiran mota ta yi nisa.

Da tatsuniya nake ba ku da na ce a yammacin nan hadari ya haɗo. Bai haɗo ba. Daminar shekarar ma ba ta yi wani abin kirki ba, gero bai yi kyau ba, manoma ba su yi murna ba. Amma allon ya kwana a garin.

Bayan kaka na koma, don aikina ya haɗa da in duba ko waɗanda suka ci jarrabawa sun riƙe abin da suka koya ko ya bi ruwan fura. Na tarar mata ba su manta ba, amma ba wannan ya tsayar da ni ba. A bayan rumfar mata an kafa wata sabuwa, cike da maza a tabarma, masu furfura da marasa ita, mushe yana gabansu da alli yana jin daɗin duniya. A layin gaba ga jar hula. Na gaishe shi na ce ashe manya sun sauko. Bai yi dariya ba.

«Mai-moto, soja ya yi magana da matata a gabana, da rana tsaka, gari na kallo. Mata duk sun ji, har waccan tsohuwa ta ji, ni ko kalma ban ji ba. Wanga abu ba ya sake faruwa.»

Ya matsa lallai sai na gwada shi a take. Na ce ya rubuta sunansa. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya fito da harshe gefe, ya yi ta fama har gumi ya keto masa, sannan ya ja da baya yana huci kamar wanda ya nome kadada. Na duba. Ya rubuta «Anarawa». Ni da mushe muka haɗa ido, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Ana haka sai ga matarsa za ta wuce da tulu a kai. Ta ɗan saci kallon ƙasa, ta tsaya, ta sauke tulun. Ta sunkuya ta goge harafi ɗaya da yatsa, ta sa wanda ya dace, ta ɗauki tulunta ta wuce. Mushe ya bi ta da murya yana cewa da ta bar shi, don na farkon ya fi kama da mai shi. Har suka tsufa tare ban ji an ce ta taɓa furta sunan nan ba, amma ita ta koya masa rubuta shi.

Abin da na koya a ranar ya bi ni har na bar aiki. Idan za ka gwada mutum, abin da ya sani kake nema, ba ko zai iya taka abin da yake girmamawa don ya faranta maka ba. Shirun baki ba shi ne shaidar cewa babu kome a kai ba. Kuma wanda zai gwada mutane ya kamata ya san su kafin ya san takardarsa. Daga ranar ban sake yage ambulan a wani gari ba sai na zauna da mai koyarwa ya lissafo mini sunayen mazaje da surukai da ƴaƴan fari, kuma a duk garuruwan da nake dubawa na ƙara wa jarrabawa wani sashe da muke kira karanta ki aikata. A wancan ƙauye kuwa, tun daga shekarar, maza ba su sake tsayawa a wajen rumfa ba.